Shekarar da Banki Ya Ce Babu

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, da muka buɗe adakarsa ta ƙarfe don rabon gado, a can ƙasa ƙarƙashin rigunan sallah na tarar da wani littafin bashi da ya rubuta da ajami. Na shekarar 1989 ne, shekarar da aka haife ni a nan Zongon Kwatano. Baba ɗan tireda ne, shinkafa da sukari da madara da sabulu yake sayarwa, kuma yawancin masu cin bashinsa ma'aikatan gwamnati ne, malaman makaranta da masu aikin asibiti da 'yan gidan waya. Al'adarsa ita ce idan mutum ya biya, sai ya ja layi a kan sunansa. A shafukan farko layuka ne reras. Da na ci gaba da buɗawa sai layukan suka fara ƙaranci, daga baya suka ɓace ɗungurungum, sai sunaye da jika biyu, jika biyar, jika goma, babu wanda aka soke.

Na kai wa Inna littafin na ce, "Inna, me ya faru a nan?" Ta duba, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai shekarar da banki ya ce babu ke nan. Goyonka nake yi."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Baba bai taɓa buɗe asusu a banki ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Kuɗinsa a adaka suke, ko a hannun maigidan da fatake ke sauka wajensa. Duk da haka faɗuwar banki ta biyo shi har cikin shago. Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin da ya faru, kuma da yake aikina magana ne a rediyo, tambayar da ta fi damuna ita ce: a lokacin da kuɗin mutane ke zurarewa, me masu riƙe da makirufo suke cewa?

Sai mun ɗan koma baya. A ranar 26 ga Oktoba 1972 Mathieu Kérékou ya karɓi mulki da bakin bindiga a ƙasar da a lokacin ake kira Dahomey. A ƙarshen Nuwamba 1974 ya shelanta cewa ƙasa ta rungumi aƙidar gurguzu ta Markis da Lenin, bayan shekara guda kuma ya sauya mata suna zuwa Jamhuriyar Jama'ar Benin. Gwamnati ta karɓe manyan kamfanoni, ta karɓe bankuna. Aka wayi gari harkar kuɗi duka tana hannun bankuna uku na gwamnati: bankin kasuwanci BCB, bankin raya ƙasa BBD, da asusun ba manoma rance CNCA. Wanda ke naɗa shugaban banki shi ne kuma babban mai cin bashin banki. Kamfanonin gwamnati da ba sa cin riba su zo su karɓa, manyan jam'iyya da hafsoshin soja da 'yan kasuwar da ke raɓe da su su ma su zo su karɓa, sau da yawa ba jingina, ba ranar biya. Akawun da ya san aikinsa yana gani, amma wa zai ce wa mai bindiga kawo takardar fili?

Muddin kasuwa na tafiya, ramin ba ya bayyana. Kuma kowa a Zongo ya san kasuwar Kwatano da numfashin Najeriya take rayuwa. Shinkafa da atamfa da taba su sauka a tashar jiragen ruwa, su kwana a Dantokpa, gobe suna Legas ko Kano, wasu su bi jirgin ƙasa zuwa Parakou su wuce Nijar a mota. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta kuma canza takardun naira, ba a sake buɗe iyakar ba sai 1986. A shekarar ce kuma farashin man fetur ya faɗi warwas, Babangida ya karya darajar naira. Can arewa Nijar na fama da faɗuwar farashin yuraniyom. Kuɗin kwastan da gwamnatin Benin ke biyan albashi da su suka ja baya. Ga shi kuma ƙasar ba ta da ikon buga kuɗinta, domin sefa a hannun babban bankin yammacin Afirka BCEAO take, mai hedikwata a Dakar. Da baitulmali ya bushe, sai hannu ya ƙara zurmawa cikin ajiyar mutane.

Tsakanin 1988 da 1990 bankunan nan uku duk suka durƙushe. Alƙaluman da masana na Bankin Duniya suka tattara daga baya sun nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na basussukan da bankunan suka bayar ba a biyan su, kuma asarar ta kai wajen kashi 17 cikin ɗari na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A tsaya a yi tunanin wannan: ƙasa guda, mai tuta da shugaba da sojoji, amma babu banki ko ɗaya da za ka kai takardar cak ya ba ka kuɗi. Dattawan unguwarmu suna ba da labarin yadda mutum zai yi sammako ya bi layi, rana ta take, a ce masa ya dawo gobe. Ɗan kasuwa yana da miliyoyi a rubuce, ba shi da na cefane a aljihu. Ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi. Daga Janairun 1989 ɗalibai da malamai suka shiga yajin aiki, har shekarar karatu ta tafi a banza. Su ne mutanen da ke cikin littafin Baba.

To, me rediyo ke cewa? Gidan rediyon ƙasa a lokacin sunansa Muryar Juyin Juya Hali, jaridar gwamnati kuma Ehuzu, wato juyin juya hali da harshen Fon. Aikinsu shi ne su ce gwagwarmaya na ci gaba. Na taɓa zama da wani tsohon ma'aikacin gidan, wanda ya koya mini yadda ake jan numfashi a gaban makirufo, na tambaye shi ko sun san bankuna sun mutu. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu ma fa albashinmu a can yake. Da safe mu bi layi a ce babu, da rana mu shiga ɗakin watsa labarai mu karanta cewa komai lafiya." Ban ga laifinsa sosai ba. A zamanin da ake kwashe mutane a kai su kurkukun Ségbana can kusa da iyakar Najeriya saboda takardar da suka raba, ba kowa ne zai yi jarumtaka da bakinsa ba. Mutanen gari kuwa suka koma ga raha, suka juya sunan aƙidar da Faransanci suka mai da ita "laxisme-béninisme", wato sakaci irin na Benin. A Zongo, in ana son jin gaskiyar abin da ke faruwa a Kwatano, sai a murɗa akwati zuwa London ko Kaduna, ko a tambayi 'yan canji na Jonquet, waɗanda tun kafin kowa suka daina karɓar cak.

Amma a 1988 an sami wata 'yar kafa. Gwamnati ta bar jaridu masu zaman kansu biyu suka fito, La Gazette du Golfe ta Ismaël Soumanou da Tam-Tam Express ta Denis Hodonou. Su ne suka fara buga batun kuɗin da suka ɓace, ana ƙwace wasu fitowar, ana yi musu barazana, mutane na karanta kofi ɗaya su goma. A cikin shafukansu ne sunan wani mutum ya yi ta fitowa, sunan da har yau idan aka ambace shi a majalisar dattawan Zongo sai an ɗan yi shiru: Mohamed Amadou Cissé.

Cissé mutumin Mali ne, malamin tsibbu, wanda ya yi zama a fadar Mobutu na Zayar kafin ya zama na hannun daman Kérékou. Ya kai matsayin da ake ba shi girman minista, kuma ana tsoronsa fiye da ministoci. Bayan guguwar ta lafa aka gurfanar da shi a Kwatano a 1992 kan biliyoyin sefa da aka fitar daga BCB, kotu ta ɗaure shi shekara goma. Wani ɗan jarida, Maurice Chabi, ya rubuta littafi guda a kan badaƙalar a 1993.

Ba na wanke Cissé, kotu ta yi aikinta. Amma na daɗe ina juya wannan lissafi a raina, bai taɓa fita daidai ba. Mutum ɗaya, baƙo, ba shi ne ke sa hannu a takardun banki ba, ba shi ne ya ci kashi 80 na bashin bankuna uku ba. Kafin kuɗi su fita sai wani darakta ya amince, wani akawu ya buga hatimi, wani minista ya ɗaga waya. Labarin boka mai rawani da ya sihirce shugaban ƙasa ya fi daɗin bayarwa, ya fi sayar da jarida, kuma ya fi sauƙi ga kowa, domin yana sauke nauyi daga kan 'yan gida. Mu da muke zaune a Zongo mun san ɗanɗanon wannan. Inna ta ce a watannin nan, idan malami mai babbar riga ya ratsa kasuwa, sai ka ji ana jifansa da sunan Cissé, alhali shi ma almajiransa ba su ci ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da aka fi sanin Benin da shi a duniya. A tsakiyar 1989 gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A farkon Disamba ta ajiye aƙidar gurguzu. Daga 19 zuwa 28 ga Fabrairu 1990 wakilai kusan ɗari biyar suka zauna a otal ɗin PLM Alédjo ƙarƙashin jagorancin babban limamin Katolika Isidore de Souza, suka ce ikon ƙasa ya dawo hannun taron, Kérékou kuma ya amince. Abin da ya fi burge ni a matsayina na ɗan rediyo shi ne an watsa zaman kai tsaye. Gidan rediyon da jiya yake cewa komai lafiya, yau ta cikinsa ake jin mutane suna faɗa wa shugaban ƙasa a gabansa abin da aka yi da dukiyarsu. Baba ya rufe shago kwana da kwanaki yana manne da akwati, shi da ba ya jin Faransanci sosai, wani ɗan makaranta na fassara masa. Nijar ta yi nata taron ƙasa a 1991, bayan ita ma bankinta na raya ƙasa BDRN ya rushe a 1990 aka kafa Sonibank a gurbinsa. Ana yawan cewa rushewar katangar Berlin ce ta kawo dimokuraɗiyya Afirka. A Kwatano dai layin ƙofar banki ya riga katangar.

Ga wani abin mamaki. Ƙasar da bankuna suka kayar, bayan nan ta yi ta neman ma'aikatan banki su mulke ta. Taron ƙasa ya ɗauko Nicéphore Soglo, tsohon jami'in Bankin Duniya, ya zama firaminista, ya ci zaɓen 1991. Bruno Amoussou, wanda ya taɓa shugabantar BCB, ya zama kakakin majalisar dokoki daga 1995 zuwa 1999, daga baya ya rubuta littafi a kan banki da siyasa da rayuwarsa. Kérékou kansa, da aka ba shi kariya daga tuhuma, ya dawo ta akwatin zaɓe a 1996 ya yi shekara goma. A 2006 aka zaɓi Boni Yayi, wanda ya fara aiki a BCB, ya wuce BCEAO, ya shugabanci bankin raya yammacin Afirka BOAD shekara goma sha biyu. Mutane suka ce tunda ya san kuɗi, zai tsare kuɗi.

Talakawa kuwa ba su koma banki da sauri ba, ko da sababbi masu zaman kansu irin su Bank of Africa da Ecobank suka buɗe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Aka koma ga adashi, da masu yawo a kan babur suna karɓar ajiyar kullum da kati mai gida talatin da ɗaya, su riƙe zubin rana guda ladan aikinsu. Ita ma adakar Baba ba ta tsira ba, domin a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ya kwana yana sayen buhu biyu na kayan waje ya tashi yana sayen ɗaya. Wannan rashin yarda da banki, haɗe da kwaɗayin abin da zai riɓanya da sauri, shi ne ƙasar da aka shuka masifa ta biyu a cikinta.

Daga wajen 2006 wani kamfani mai suna ICC Services ya fara karɓar ajiyar mutane yana alƙawarin ribar da ta kai kashi 200 cikin ɗari a shekara. Ba shi da lasisin banki. Kuɗin sababbin masu zubi yake ba tsofaffi, shi ke nan sana'ar. Shugabanninsa na da alaƙa da wata majami'a mai mabiya da yawa, suna raba kyaututtuka, suna gina wannan suna tallafa wa wancan, ana nuna su a talabijin tare da manyan ƙasa. Da mai sayar da kifi ta ga mutum a allo yana gaisawa da masu mulki, wace takardar lasisi kuma za ta nema? Da abin ya fashe a 2010, sama da mutum dubu ɗari ne suka shiga ciki, kuɗin kuma aka ƙiyasta sun haura sefa biliyan 150. Yayi ya kori ministan cikin gida Armand Zinzindohoué, aka tsare babban mai gabatar da ƙara Georges Constant Amoussou, 'yan majalisa fiye da rabi suka nemi a gurfanar da shugaban ƙasa. Shi ya musanta hannu a ciki, kuma a Maris 2011 ya sake cin zaɓe tun a zagayen farko.

A wannan karon babu wanda zai ce an toshe wa 'yan jarida baki. Tun 1997 doka ta ba da damar buɗe gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu, jaridu kuwa sun fi a ƙirga. Abin da ya faru shi ne an saye lokacinmu. Gidan rediyo na da kuɗin lantarki da zai biya, ma'aikaci albashinsa bai taka kara ya karya ba, ga kuma ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro, wadda a nan ake yi wa laƙabi da "sanarwar ƙarshe". Kamfanonin ajiya irin wannan sun yi yawa a lokacin, ba ɗaya ba ne, kuma suna biyan kuɗin talla a kan kari, ba sa neman ragi.

A nan ne nawa laifin ya shigo. Ina da shekara ashirin, ina koyon aiki a wani gidan rediyo kafin in kammala difloma, aka miƙo mini tallar ɗaya daga cikin ƙananan kamfanonin nan aka ce in mayar da ita Hausa in karanta, tunda ni ne mai Hausa a gidan. Na zauna na gyara ta tsaf. Inda suka rubuta kuɗin ruwa, na san mutanenmu za su guje shi, domin limamai a masallatan Zongo suna ta gargaɗi a kan riba, sai na sa "rabon albarkar kasuwanci". Ni da kaina na zaɓi kalmomin, har ina jin daɗin na iya fassara. An ba ni jika biyar. Ban tambayi wace kasuwa suke yi ba, ban tambayi ko suna da izini ba, kuma babu wanda ya ce in tambaya.

Bayan abin ya rushe, wata rana ina fitowa daga masallaci, wata dattijuwa mai sayar da fura, ƙawar Inna, ta tare ni. Ta ce, "Ɗan nan, ba muryarka na ji ba?" Na ce, "Tawa ce, Hajiya." Ta ce, "Da Bafaranshe ne ya faɗa, ko mutumin Fon, da ban kai ba. Na ji ɗan gidan Malam ne." Kuɗin da take tarawa na aurar da 'yarta ne. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, ta gyara gyalenta ta wuce. Na fi shekara ina canza hanya don kada in bi ta gaban ƙwaryarta.

A daidai wannan lokaci, a ƙetaren iyaka, Najeriya na cikin nata rikicin. A ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan babban banki Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba naira biliyan 420 don ceto su, aka kuma buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu. A 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta bankin Oceanic wata shida tare da ƙwace dukiya mai ɗimbin yawa. Mun bi labarin a Zongo kamar wasan ƙwallo, wasu na cewa gyara ne, wasu na cewa siyasar yanki ce. Abin da na lura da shi ni kuwa shi ne, waɗannan shugabannin bankuna su ne waɗanda shekara guda kafin nan jaridu ke ba lambobin yabo, hotunansu cike da shafukan da bankunansu suka biya.

Shari'ar ICC ba ta zo ba sai a Disamba 2018, a kotun musamman ta laifukan tattalin arziki da ke Porto-Novo, shekara takwas bayan fashewar. Ita ma an watsa ta kai tsaye a rediyo, kamar taron 1990. Gari ya tsaya cik, masu babur ɗin haya sun ajiye babura a inuwa, teloli sun rage ƙarar keke, ana jin waɗanda ake tuhuma suna ambaton sunayen manya ɗaya bayan ɗaya. A Fabrairun 2019 aka yanke wa Guy Akplogan da Emile Tégbénou da wasu abokansu ɗaurin shekara goma, alhali sun riga sun cinye mafi yawanta a tsare. Mafi yawan masu ajiya ba su ga kuɗinsu ba.

Ni ne na riƙa taƙaita zaman kotun da Hausa kowace yamma a shirina. Wata rana bayan shiri na bi ta gaban Hajiya mai fura, na durƙusa na gaishe ta. Akwatin rediyonta na gefen ƙwarya. Ta ce ta ji ni, na yi bayani dalla-dalla, ta gane yadda aka yi da kuɗin. Sannan ta tambaye ni ko a cikin abin da alƙali ya karanta akwai inda aka ce ranar da za a biya su. Na ce babu, Hajiya. Ta dama mini fura ta jika ɗaya, na miƙa kuɗi, ta karɓa ta ƙirga.